Tafiyar Awa Ɗaya da Ta Ci Mana Kwana Goma Sha Biyu

Sunana Saratu, ina koyarwa a wata firamare a Wurno. Maigidana, wanda 'yan fadama suka sani da Malam Sahabi, Allah Ya karɓi abinSa a bazarar da ta wuce, bayan jinyar wata uku. Tun a zaman makoki mata ke tambayata, wai da gaske har jirgin sama muka sa shi? Da gaske ne. Sai dai yadda suke tambayar, kamar wata alfarma ce ta same mu, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya kasance, ko Allah Ya sa wani ya farga kafin ya kai inda muka kai.

Malam manomin rani ne. Albasa da tafarnuwa yake yi a fadama, da ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo. Yana yaro aka fara samun ruwan nan rani da damina, kuma a cikinsa suka tashi shi da tsaransa: wanka, kamun kifi, jan ruwa zuwa fangali. Daga baya ya gaya mini tun a lokacin yake ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsarinsa. Tsargiya ce, kuma kusan duk yaran fadama suna da ita, har ana ɗaukarta alamar yaro ya fara zama namiji. Takan ɗauke ta dawo. Shekara goma sha tara muna tare, bai taɓa ɗaga mini zancen ba.

Ni a wanki na gano. Wata Asabar na ɗauko wandonsa zan jiƙa, na ga abin da ba ɗigo ba ne. Na jira ya dawo daga fadama, ya ci tuwo, yara suka fita, sannan na nuna masa.

Ya kau da kai ya ce, "Ba komi ba na. Zahin rana na."

Na ce, "Malam, zahin rana ba shi yin hakanga. Tun yaushe?"

Can ya ce tun dashen albasa jinin bai ɗauke ba, yanzu har da gudaji. Na lissafa a raina, wata uku ke nan yana ɓoye mini.

Makon farko a kemis ya ƙare. Aka ba shi ƙwayoyi ja da fari, aka ce sanyi ne. Mako na biyu na matsa masa muka je asibitin garinmu, aka yi masa allurai, jinin ya ɗan tsaya kwana uku, muka yi ta hamdala. Rana ta huɗu ya dawo fiye da da. A nan ne shawarwari suka fara zubowa. Yayansa, Yaya Haliru, ya je kasuwar Gandi ya dawo da sassaƙe a ƙunshe, ya ce a jiƙa da jar kanwa. Wata gwaggonsu ta aiko cewa sammu ne, a kan rikicin iyakar gona da aka yi shekarun baya. Ban ga laifin kowa ba, kowa da abin da ya sani ya zo. Amma jiƙon nan ya cinye mana kwana goma, kuma ni da hannuna na riƙa ba shi, abin da har yau yake ci mini rai.

Safiyar wata Talata fitsarin ya tsaya cak. Malam mutum ne mai haƙuri, na taɓa ganin injin ban ruwa ya datse masa yatsa bai ce uffan ba. Ran nan na same shi durƙushe a bayan ɗaki, ya dafa bango, gumi na zuba kamar an kwara masa ruwa, mararsa ta kumbura ta yi tauri. Na kira ƙanena Nasiru, wanda ke aiki a sakateriyar Rabah. Kafin hantsi ya iso da motar haya, muka nufi Sakkwato. Duk ramin da motar ta faɗa sai Malam ya damƙe hannuna, har sai da farcensa ya bar mini shaida.

A babban asibiti aka sa masa roba, fitsarin ya fito jawur, ya samu ya yi barci. Wata nas, 'yar dattijuwa, ita ta tsallake da mu layi da ta ga halin da yake ciki, ko sunanta ban tambaya ba, Allah Ya saka mata. Bayan wannan kuwa sai layi iri iri. Layin kati, layin gwajin jini, layin hoto. Wata rana tun bayan asuba na kama layin hoto, sai da aka kira azahar aka ce mu dawo jibi. Ina kwana a baranda kan tabarma tare da sauran masu jinya, yara uku na bar su a hannun mahaifiyata. Mako uku muka yi a haka, an ƙara masa jini sau biyu, an shiga da shi an yanko ɗan nama daga mafitsarar an kai gwaji.

Ranar da sakamako ya fito likitan ya ce Nasiru ya shigo tare da ni. Ya juya takarda ya zana mana mafitsara da biro, ya cike gefe ɗaya da baƙi. Ya ce ƙwan tsargiya ne ya shekara da shekaru a jikin bangonta yana cinta, har wurin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Ya ce magani ɗaya ne, a cire mafitsarar gaba ɗaya a yi wa fitsari wata hanya. Masu jiran irin aikin nan a wurinsu suna da yawa, Malam kuma ba shi da lokacin jira. Akwai malaminsa a Kano da ya ƙware a aikin, zai rubuta mana takarda zuwa gare shi.

Nasiru ya ce, "To likita, gobe sai mu kama hanya."

Likitan ya girgiza kai. Ya ce daga Wurno zuwa nan kawai mun ga yadda girgizar mota ta yi da shi. Hanyar Kano kuwa yini ce cur, ta Gusau da Funtuwa, ga ramuka, ga 'yan bindiga da ke tare hanya. In jinin ya ɓalle a tsakiyar daji, ba mai tsayar da shi. Ya ce, "In kuna da hali, ku sa shi jirgi."

Da muka fito Nasiru ya zauna a kan dakali yana latsa waya. Can ya miƙo mini ya ce, "Adda, diba ki gani. Daga hilin jirgin Sakkwato zuwa na Kano, ta bisa, kilomita ɗari ukku da wani abu na. Ko awa guda ba a yi."

Na karɓi wayar na ga ɗan layi miƙaƙƙe tsakanin ɗigo biyu, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Tun da aka fara jinyar nan ban ji sanyi a raina ba sai ran nan. Awa ɗaya. Ko fadama in Malam ya tafi da ƙafa yakan yi kusan haka. Na koma ɗakin marasa lafiya da saurina na gaya masa, har ya yi murmushi ya ce ashe zai riga Yaya Haliru shiga jirgi, shi da ke ta tanadin Makka.

Washegari Nasiru ya dawo daga wurin masu sayar da tikiti fuskarsa ba daɗi. A lokacin babu jirgin da ke tashi daga Sakkwato ya sauka Kano kai tsaye. Sai dai mu bi na Abuja, mu yi kudu, mu sauka mu jira, sannan mu hau wani ya dawo da mu arewa. Jirgi biyu, mutum uku, don ni kaɗai ba zan iya ɗaga shi ba.

Aka yi zaman shawara a gindin bishiyar da ke bakin ɗakin, ni da Nasiru da Yaya Haliru. Yaya ya ce, "Ni ban ga dalili ba. Ku tahi kudu don ku zo gabas? Wagga wace irin tahiya ta? Ku mai da shi gida mu ci gaba da roƙon Allah."

Na ce, "Yaya, roƙon Allah muna kai. Amma likita ya ce akwai aiki, kuma akwai mai yi."

Ya ce, "In anka sai da injin ban ruwa don kuɗin jirgi, da mi za shi noma in ya tashi?"

Ban san lokacin da na ce, "Shi tashi tukuna" ba. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ran nan. Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Shi da kansa ya koma Wurno ya sayar da injin ban ruwan, da albasar da muka adana muna jiran ta yi daraja, ya haɗa da bijimin da yake kiwo don kujerar Makkarsa. Bai gaya mini ba, a bakin Nasiru na ji.

Ranar tafiya na yi wa Malam wanka, na sa masa babbar riga don ta rufe jakar fitsarin da ke ɗaure a cinyarsa. Ban taɓa shiga filin jirgi ba. Muka tura shi a keken marasa lafiya har gaban kantar da ake duba tikiti. Ma'aikaciyar ta karɓi takardunmu, ta ɗago ta dubi Malam, ta sake dubansa. Ya rame, idanunsa sun yi fari fat, ga jakar ta zamo ta leƙo ta ƙasan rigar, jawur. Ta kira wani babba a cikinsu. Ya tambaye mu takardar likita da ta nuna mara lafiya zai iya hawa jirgi. Nasiru ya miƙa masa wadda aka rubuta wa likitan Kano. Mutumin ya ce ba ita ba, wata ce daban, kuma ba zai iya ɗaukar mutum a wannan hali ba tare da ita ba.

Ba wanda ya taɓa gaya mana akwai irin wannan takarda, daga asibiti har wurin sayar da tikiti. Na roƙi mutumin nan. Na durƙusa a kan tayil a gaban jama'a, ni da ko a gaban hedimasta ban taɓa durƙusawa ba, na ce ya dubi girman Allah, awa ɗaya ce kawai. Ya ce, "Hajiya, ki tashi. In ya some a bisa, ba inda za mu tsaya da shi." Da ladabi ya faɗa, kuma yau na san gaskiya ya faɗa. Amma a ranar da ina da iko da na tsine masa.

Malam ya jawo gefen mayafina ya ce, "Tashi, Saratu. Mutane na kallo."

Muna tsaye a bakin titi muna neman motar komawa asibiti jirgin ya tashi. Ya bi ta kanmu da ƙara, Malam ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace.

Da likitan ya auna shi sai ya ce ko da mun tambaya ba zai sa hannu a ranar ba, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Sai an ƙara masa leda huɗu, an ga ya tsaya. Irin jininsa kuma ba ya samuwa da sauƙi. Nawa bai yi ba, na Nasiru an riga an ɗiba. A nan na ga abin da ba zan manta ba. Labari ya kai fadama, sai ga mutum tara a bayan a-kori-kura, daga Wurno har da na wajen Goronyo, ƙafafunsu da taɓo, sun bar ban ruwa sun zo a gwada su. Uku suka dace. Ɗaya cikin sauran tsoho ne da Malam ya taɓa ara wa tiyo, aka ce shekarunsa sun wuce, ya tsaya yana faɗa da ma'aikacin wai jininsa ya fi na yaran yanzu kyau. Leda ta huɗu sai da muka yi kwana biyar muna nema.

Kwana goma sha ɗaya muka yi tsakanin tikitin farko da na biyu. A kwanakin nan na ga Malam yana narkewa kamar sabulu a ruwa. Ya daina cin tuwo, sai kunu cokali uku. Bayansa ya fara ciwo, ciwon da ba ya barinsa ya kwanta ta kowane gefe. Kullum da safe in na fita ɗebo ruwan zafi sai in ji ƙarar jirgin Abuja, in tsaya da fulas a hannu ina lissafin da yanzu mun yi kwana kaza a Kano, da yanzu an yi aikin, da yanzu an fara cire zare. Kamfanin jirgin sun yarda sun sauya mana rana, amma sai da aka yi ciko, 'yan kunnena na aure suka tafi a nan.

A rana ta goma sha biyu muka tashi, takarda a hannu. Ban ga komai ta taga ba, idona na kan jakar da ke ƙarƙashin rigarsa da kuma numfashinsa. Muka sauka Abuja kafin azahar. Jirgin Kano aka ce ƙarfe biyu, aka mayar huɗu, aka mayar shida. Ba wurin kwanciya, sai kujerun ƙarfe masu hannu. Na shimfiɗa zanena a ƙasa a wani lungu, muka kwantar da shi, na ɗora kansa a cinyata, mutane na wucewa da akwatuna suna ratse mu. Jakar ta cika sau biyu, Nasiru na kai ta ban ɗaki yana zubarwa. Wata mata mai shara ta kawo mana kwali ta ce mu sa masa a ƙasa saboda sanyin tayil. Malam ya buɗe ido ya ce, "Har yanzu ba mu kai ba?" Na ce saura kaɗan. Ya ce, "Da mota munka bi, da yanzu mun isa." Gaskiya kuwa ya faɗa. Sai bayan isha muka shiga Kano.

Kwana shida muka yi a can. Aka sake hotuna, har da na cikin wani injin da ake tura mutum ciki kamar rami. Babban likitan dattijo ne mai furfura, ba ya gaggawa. Ya sa aka fita da Malam, ya zaunar da mu, ya ɗaga hoton a jikin fitila. Ya nuna mana hanta, ya nuna ƙashin baya. Ya ce, "Ya yi nisa." Kalma uku ke nan, kuma har yau in na rufe ido da muryarsa nake jin su. Ya ce in ya yanka shi yanzu, wahala kawai zai ƙara masa.

Na ce, "Likita, in tambaye ka don Allah. Kwana goma sha ɗaya munka ɓata a Sakkwato. Da mun zo da tikitin hwarko hwa?"

Ya cire tabarau ya ce, "Me kike so in ce miki, Hajiya? Ba kwana goma sha ɗaya ba ne. Ba ma wata ukun da ya ɓoye ba ne. Da tun yana saurayi ya sha maganin tsargiya, da ba a kai nan ba; ƙwaya ce 'yar kaɗan, rana ɗaya ake sha, ana maimaitawa lokaci lokaci ga masu shiga ruwa. Kada ki ɗora wa kanki kwanakin nan."

Na ji shi, amma zuciya ba ta jin magana. Har gobe ina ɗora wa kaina.

Ban san yadda zan gaya wa Malam ba, ashe ba sai na faɗa ba. Ina shiga ya dubi fuskata ya ce, "Ba su yi ko?" Na girgiza kai. Ya karanta abin da ya karanta, sannan ya ce, "To ku mai da ni gida. Ban son a bizne ni inda ɗiyana ba su san wurin ba."

Nasiru ya fara zancen neman kuɗin jirgi. Malam ya ɗaga hannu ya ce, "A'a. Mota. Mi ya rage da hanya za ta yi min?"

Muka sami direba ɗan Sakkwato da zai koma, ya kwantar da kujerar gaba, muka shimfiɗa katifa. Likitan ya ba mu allurar kashe ciwo da wani ruwan magani da ake ɗiga masa a baki. Da sassafe muka tashi. Hanyar nan da muka sayar da duk abin da muka mallaka don mu kauce mata, ita muka bi tun daga farkonta har ƙarshe. Bayan Funtuwa direban ya tsaya ya jira motoci suka taru, aka shiga dajin a jere, kowa na motsa baki da addu'a. Ba abin da ya tare mu. Jinin ya ɓalle wajen Talata Mafara, na yi ta canza tsumma ina kiran sunan Allah, ya kuma tsaya da kansa. Muka shiga Wurno ana kiran magariba. Da aka shigo da shi zaure ya ji muryar ƙaramar 'yarmu, sai ya ce a sauke shi nan tukuna, ta zo ya gan ta.

Kwana goma sha tara ya yi a ɗakinsa. Yaya Haliru ne ke juya shi safe da yamma, shi ke ɗauke shi in zan canza shimfiɗa. Ranar Alhamis bayan azahar ya cika, kansa a hannun yayansa, ni ina riƙe da ƙafafunsa. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara. Waɗanda suka ba da jini, da waɗanda suka ba da abin hannunsu, da matar da ta kawo kwali, ba ni da abin biyanku sai addu'a.

Abin da nake roƙon duk wanda ya karanta: jini a fitsari ba girma ba ne, ba zafin rana ba ne. Wanda ke shiga ruwan fadama, babba ko yaro, a kai shi a gwada, a sha magani tun abin yana tsargiya. Wanda kuma aka ce ya sa mara lafiya a jirgi, ya tambayi takardar izinin likita kafin ya sayi tikiti, ya kuma tambaya ko jirgin kai tsaye ne, don kusan da ake gani a waya ba shi ne kusa ba. 'Ya'yana maza biyu na sa an gwada su ina cikin takaba. Duka biyun suna da ita. Sun sha magani.

Ana saura kwana kaɗan in fita takaba, maƙwabciyata Luba ta shigo da la'asar, ta zauna tana ta kewaye kewaye. Sai da ta ga ba kowa ta matso ta ce mijinta ma yana ganin jinin, tun bara, kuma kwanan nan ya fara yawa. Na kama hannunta na gaya mata duk abin da na rubuta a nan, ban rage ba. Na ce gobe goben nan su tafi Sakkwato.

Ta ce, "Na hwaɗa mishi. Ya ce sai an kwashe albasa."

Na ce ta koma ta gaya masa in ji ni, matar Sahabi, in yana son ya ga albasar baɗi ya tafi gobe. Ta ce to.

Washegari bayan an idar da sallar asuba na ji mijin Luba ya tayar da babur a ƙofar gidansu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na tsaya a tsakar gida da buta a hannu, na kasa kunne in ji ko zai yi dama, wajen tasha. Ƙarar ta yi hagu, ta gangara fadama.